Na'urar da Ta Ƙi Tsufa: Matsakaitan Sabobin Kamfanoni Daga AS/400 Zuwa Power11

 

Mai girma shugaban taro, shugaban Sashen Nazarin Kwamfuta da ya karɓi baƙuncinmu, malamaina da abokan aikina, 'yan'uwa ma'aikatan bankuna da kamfanoni da suka baro ofis suka zo, ɗalibai maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. Ina godiya ta musamman ga shugabannin ɗalibai da suka yi ta zirga-zirga har suka tsayar da ni gabanku. Allah ya saka da alheri.

An nemi in yi magana a kan matsakaitan sabobin kamfanoni: me ya sa har yau ake aiki da su, kuma yaya ƙirarsu ta sauya. Saba dai ita ce kwamfutar da ba ta zama gaban mutum ɗaya. Tana can cikin ɗaki mai sanyi, tana yi wa ɗaruruwan mutane hidima lokaci guda. A sama akwai giwayen, waɗanda ake kira menfirem, na manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama. A ƙasa akwai ƙananan sabobi masu furosesar Intel ko AMD, waɗanda kuka fi sani. Tsakaninsu akwai wani aji da aka ƙera domin kamfanin da ya fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta amma bai kai ya sayi giwa ba: masaƙa, kamfanin rarraba kaya, matsakaicin banki, kamfanin inshora. Zan ɗauki zuri'a ɗaya daga wannan aji in bi ta, wato wadda kamfanin IBM ya fitar da sunan AS/400, wadda a yau ake kira IBM i a kan injinan Power.

Kafin in shiga batutuwan, ga abin da ya sa na damu da wannan na'ura.

Shekarun baya aiki ya kai ni wani kamfanin rarraba kaya, tare da wani matashi da ya gama digiri bai daɗe ba. A ofishin fitar da kaya muka tarar da wata baiwar Allah, ta manyanta, tana zaune gaban allo baƙi mai koren rubutu. Babu hoto, babu linzami. Direbobi sun yi layi a taga da takardunsu. Idonta na kan takarda, yatsunta na kan madannai: ta buga lambar kaya, ta buga adadi, ta danna, ta miƙa rasit, na gaba ya matso. Ba ta ɗaga kai ta dubi allon ba sai in ya yi ƙara. Matashin nan ya matso kusa da ni ya ce, “Malam, har yanzu da wannan tsohuwar aba suke aiki?” Na ce mu je mu gaishe da tsohuwar. Da aka buɗe mana ɗakin saba, sai ga inji baƙi wul, sabo fil, bai fi shekara 2 da saye ba, kuma ya fi duk wata kwamfuta da ke ginin ƙarfi nesa ba kusa ba. Salon allon na 1977 ne, shekarar da IBM ya fito da tashar aiki samfurin 5250. Manhajar kuwa an rubuta ta tun kafin a haifi abokin tafiyata. Ƙarfen ne na jiya-jiya.

Wani zai ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Ni ban ɗauki maganar haka ba, domin tulun zumar nan ana sabunta shi kowane 'yan shekaru. Tambayata ita ce: ta yaya aka yi ta canja ƙarfe a ƙarƙashin manhaja kusan shekara 40, matar nan ba ta ko sani ba?

1. Asalin zuri'ar

Gidan wannan zuri'a garin Rochester ne a jihar Minnesota ta Amurka. A can IBM ya ƙera System/3 a 1969 domin ƙananan 'yan kasuwa, sannan System/32 a 1975, System/34 a 1977, System/36 a 1983. A gefe guda kuma, a 1978, aka sanar da System/38, wadda tunaninta ya sha bamban da na 'yan'uwanta. Babban mai tsara ƙirarta shi ne Dokta Frank Soltis.

Zuwa farkon shekarun 1980 IBM ya tara matsakaitan na'urori iri-iri da ba sa jin yaren juna. Ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Fort Knox domin ya haɗe su, shirin ya ci kuɗi ya ci lokaci, aka soke shi a 1985. Mutanen Rochester suka ce a ba su dama. Suka ɗauki ƙashin bayan System/38, suka haɗa da sauƙin aiki na System/36, suka laƙaba wa shirin suna Silverlake, sunan wani tafki da ke garinsu. A watan Yunin 1988 aka fito da shi da sunan AS/400.

Daga nan suna ya yi ta sauyawa: iSeries a 2000, System i a 2006, Power Systems a 2008. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ma ta tashi daga OS/400 zuwa i5/OS zuwa IBM i. Amma ku shiga kowane kamfani da ke da ita, za ku ji ma'aikata suna cewa AS/400. Wannan sunan da ya ƙi gogewa yana daga cikin abin da ya sa ake ɗauka na'urar ta 1988 ce har yanzu ke kunne.

2. Tafintan da aka sa a tsakiya

Nan ne zuciyar laccar, don haka ku yi mini haƙuri in daɗe.

Ɗaliban da suka yi darasin haɗa manhaja sun san yadda abin yake a al'ada. Ka rubuta manhajarka, ka ba kwamfaila, ta juya ta zuwa umarnin da wata furosesa takamaimai ke ganewa. Daga ranar, manhajarka ta auri wannan furosesa. In aka daina ƙera ta, ko dai ka koma ga rubutunka na asali ka sake haɗawa ka sake gwaji, ko ka zauna da tsohon inji har ya mutu a hannunka. To in kamfanin da ya rubuta maka manhajar ya rufe fa? In rubutun asalin ya ɓata fa?

Su Soltis sun ƙi yarda da wannan aure. Ku ɗauki misalin Alhajin da ke fatauci zuwa ƙasashe. Shi Hausa yake ji, da ita yake ciniki, da ita yake lissafi. In ya je Jidda ya ɗauki tafinta mai Larabci, in ya je Guangzhou ya ɗauki mai Sinanci. Kasuwa ta canja, tafinta ya canja, Alhaji bai sake koyon magana ba. Haka suka yi. Suka ƙirƙiro wani yare na tsakiya, na wata na'ura da babu ita a zahiri, ana kiran wannan shimfiɗa TIMI. Duk manhajar da aka rubuta, zuwa wannan yare ake fara juya ta. Sannan wata shimfiɗa ta ƙasa, wadda IBM kaɗai ke taɓawa, ta fassara zuwa yaren furosesar da ke cikin akwatin a lokacin. Abin da ya fi muhimmanci: ana ajiye kwafin yaren tsakiyar a jikin manhajar, yana tafiya da ita duk inda ta je.

An gwada wannan dabara gwaji na gaske a 1995. A shekarar IBM ya cire tsohuwar furosesa mai bit 48 ya sa sabuwa mai bit 64 daga dangin PowerPC, wadda tsarin umarninta bai haɗa komai da na farko ba. A wasu gidajen irin wannan sauyi yana nufin shekaru ana gyaran manhaja. A nan kuwa kamfani ya kwashe manhajojinsa a tef, ya zuba a sabon inji, injin ya karanta yaren tsakiyar ya sake fassarawa da kansa. Washegari ma'aikata suka zo suka tarar da allonsu yadda suka bar shi, sai dai ya ƙara sauri. Akwai sharaɗi guda, kuma ya kama wasu: waɗanda suka goge wancan kwafin na tsakiya domin su rage cin wuri a faifai, ko masu sayar da manhaja da suka cire shi, sai da suka koma neman rubutun asali. An sake irin wannan fassara gaba ɗaya a 2008, da fitowar IBM i 6.1.

Akwai dabaru uku da ke tafiya tare da wannan.

Ta farko, ma'aji ɗaya. A sauran kwamfutoci mai rubuta manhaja yana bambanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin-gadi da abin da ke kan faifai. A nan an ɗauke su duka a matsayin fili ɗaya mai adireshi ɗaya. Kamar uwargida ce ta ce a kawo gero: ba ruwanta ko yana cikin rumbu ko yana cikin kwano a madafa, wanda aka aika shi ya san inda zai ɗauko. Saboda haka da aka tashi daga faifai mai juyawa zuwa SSD, daga baya zuwa NVMe, manhajojin kasuwanci ba su bukaci gyara ba. Kuma tun daga System/38 suka ware wa kowane adireshi gurbi mai bit 128, alhali injin lokacin 48 kawai yake amfani da su. Sun yanka fili ya fi ginin da za su yi a ranar, domin sun san iyali za su ƙaru.

Ta biyu, komai a cikinta yana da jinsi. Manhaja manhaja ce, fayil fayil ne, asusun mai amfani asusu ne, kuma na'urar ba ta yarda a yi wa abu aikin da ba na jinsinsa ba. Ba za ka kawo fayil ka canja masa suna ka ce ya zama manhaja ya gudu ba. Wannan ya toshe wata babbar ƙofa da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi a wasu tsare-tsaren.

Ta uku, rumbun bayanai a jikinta yake. Ba a sayo shi daban a ɗora. Abin da ake kira Db2 a yau an saƙa shi ne cikin babbar manhajar, tare da tsaro da jadawalin ayyuka da ajiyar kwafi. Shi ya sa za ka ga kamfani mai ma'aikata ɗaruruwa, amma mutum 2 ko 3 ne ke kula da injin.

3. Yadda ƙarfen ya yi ta sauyawa

Injinan 1988 farare ne, manyansu sun kai firji tsawo, ana jona musu tashoshin aiki da wata igiya mai kauri da ake kira twinax. A 1994 aka koma baƙin fenti. Bayan hijirar 1995 sai hanya ta buɗe.

A 2001 IBM ya fito da POWER4, furosesar saba ta farko a kasuwa da ta haɗa ƙwaƙwalwa 2 a guntu ɗaya. POWER5 ta zo a 2004, POWER6 a 2007, POWER7 a 2010, injinan POWER8 a 2014, POWER9 a 2017. Ku riƙe wannan ta ƙarshen. Ita aka sa a cikin Summit, kwamfutar ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka, wadda ta zama mafi sauri a duniya a 2018. Furosesar da ta yi lissafin kimiyyar nukiliya da yanayi a can, irinta ce ke buga rasit ɗin direbobin da na ba ku labari. Wannan ita ce tsohuwar aba?

Power10 ta fito a 2021. Kamfanin Samsung ne ke ƙera guntun a ma'aunin nanomita 7, domin IBM ya miƙa masana'antarsa ta guntu ga GlobalFoundries tun 2015, ya tsaya ga zane. Kowace ƙwaƙwalwa tana iya jan zaren aiki 8 a lokaci guda. Babban injin wannan zuri'a, E1080, yana kaiwa ƙwaƙwalwa 240 da ma'ajin wucin-gadi har terabayit 64. An sa mata sashe na musamman na lissafin da ƙirƙirarriyar basira ke bukata, kuma tana rufe abin da ke cikin ma'ajinta da makullin sirri ba tare da an taɓa manhaja ba. A Yulin 2025 kuma Power11 ta fito, inda babban abin da IBM ya tallata shi ne a yi wa inji gyara da sabuntawa ba tare da an kashe aiki ba.

Sauri kaɗai ba shi ne labarin ba. Abin da ya fi canja rayuwar masu kula da injin shi ne rabawa. Tun 1999 aka fara yanka inji ɗaya gida-gida, kowane gida da babbar manhajarsa, kamar gidan haya mai ɗakuna, kowa da makullinsa. Sannan aka kai ga ba wa gida ɗaya kashi 1 cikin 10 na furosesa. Daga baya aka iya ɗaukar gida sukutum, yana cikin aiki, a mayar da shi wani injin, masu amfani ba su ji ko gezau ba.

Sai abin da ya faru a 2008, wanda a ganina shi ya ceci zuri'ar ta fuskar kuɗi. Zana sabuwar furosesa yana cin dukiya mai yawan gaske, kuma masu AS/400 kaɗai ba za su iya ɗaukar nauyin ba. Sai IBM ya haɗe layinta da layin injinansa na Unix, ya zama ƙarfe ɗaya ne ke ɗaukar IBM i da AIX, wato Unix ɗin IBM, da Linux. Masu saye uku suka haɗu suna ciyar da doki ɗaya. Duk wanda ya sayi Power domin ya ɗora SAP HANA a kan Linux, yana taya mai tsohuwar manhajar yaren RPG biyan kuɗin furosesa ta gaba.

4. Ina sa'o'inta?

Ba ita kaɗai ce a fagen ba. Kamfanin DEC yana da VAX tun 1977, na'ura mai farin jini a jami'o'i da masana'antu. Compaq ya saye DEC a 1998, HP ya haɗiye Compaq a 2002. Babbar manhajarsu, VMS, ta yi ƙaura daga VAX zuwa Alpha zuwa Itanium, yanzu kuma zuwa furosesar x86 a hannun wani kamfani daban, kuma kusan kowace ƙaura sai masu ita sun sake haɗa manhaja sun sake gwaji. HP 3000 ta fito a 1972, tana da masoya na haƙiƙa, amma a Nuwamban 2001 HP ya sanar zai daina ta, ya rufe tallafi a ƙarshen 2010. Wang ya durƙushe a 1992. EMC ya saye Data General a 1999. Oracle ya saye Sun a 2010. Ita kanta Itanium, wadda aka ce za ta gaje su duka, Intel ya aika ta ƙarshe a 2021.

Waɗannan na'urori ba na banza ba ne, wasunsu sun fi AS/400 ta wasu fuskoki. Wasu rikicin kasuwa ya ci su, wasu sabon mai gida ne bai ga amfaninsu ba. Amma duk lokacin da ka tilasta wa abokin ciniki ya sake gina manhajarsa domin ya bi ka sabon inji, ka ba shi damar ya tambayi kansa: tunda dole in yi wahalar nan, me zai hana in koma wani gidan? Masu AS/400 ba a taɓa tsayar da su a wannan mararraba da ƙarfi ba.

5. Me ya sa kamfanoni ba sa tashi?

'Yan'uwa ma'aikatan banki da ke nan sun fi ni sanin amsar. Abin da ke cikin tsohuwar manhaja ya wuce rubutun kwamfuta. Shekara 30 na hukunce-hukuncen kasuwanci ne a ciki: yadda ake yi wa babban dila rangwame, yadda ake lissafin riba in wata ya ƙare ranar hutu, abin da ake yi in kaya sun dawo rabi a lalace. Yawancin waɗannan ba a rubuce suke a wata takarda ba. Wanda ya yanke hukuncin ya yi ritaya, wanda ya shigar da shi ya rasu, manhajar ce kaɗai ta tuna.

Ku dubi abin da ya sami bankin TSB na Birtaniya a Afrilun 2018. Ba daga AS/400 ya tashi ba, amma darasin ɗaya ne. Ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsari na uwar kamfaninsa a lokacin, Sabadell na Sifaniya. Mutane kusan miliyan 2 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka buɗe suka ga asusun wani. Shugaban bankin ya sauka a Satumbar shekarar, kuma a Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48 da ɗoriya. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A 2024 wasu manyan bankunan Najeriya sun canja manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. Wa ya manta kwanakin da za ka tura kuɗi a cire maka, wanda ka tura wa bai gani ba, mai POS ya ce babu sabis, ka je reshe ka tarar da cincirindo?

Ba ina cewa kada a taɓa yin ƙaura ba. Akwai lokacin da ta zama dole, kuma bankunan nan suna da dalilansu. Abin da nake ƙi shi ne a yi ta domin allo kore ne. Allon ai fuska ce kawai, ana iya canja ta. IBM i na yau tana gudanar da Java da Python da PHP da Node.js, ana tambayar rumbunta da SQL kamar kowane rumbu, ana jona ta da manhajar waya. Yaren RPG, wanda asalinsa na 1959 ne, zamanin katin huda, an sake masa tsari har yanzu ana rubuta shi a sake kamar sauran yarukan zamani. Wanda ba ya son ajiye inji a gininsa, tun 2019 yana iya hayar gida a injinan Power da ke cibiyoyin IBM ta intanet. Kuma ku tambayi matar can kafin ku ɗauke mata koren allonta. Ga mai shigar da rasit ɗaruruwa a yini, kai hannu ga linzami a dawo ɓata lokaci ne.

6. Inda take da rauni

Zan zama mai son kai in na tsaya a yabo.

Na farko tsada, da kuma dogaro ga mai sayarwa ɗaya. IBM i ba ta gudu a kan ƙarfen kowa sai na IBM. Lasisi da kwangilar kulawa da dala ake lissafinsu, kuma duk wanda ya riƙe kasafin sashen kwamfuta a ƙasar nan bayan an saki naira a Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi. Tafintan da ya 'yantar da kai daga furosesa, shi ne kuma ya ɗaure ka ga gidan da ya ba ka shi. Duk mai shirin saye ya shiga da idonsa a buɗe.

Na biyu ya fi ci mini rai, domin amincin na'urar ne ke haifar da shi. Abin da ba ya lalacewa, mantawa ake yi da shi.

An taɓa kirana wani kamfani da sassafe. Wuta ta ɗauke cikin dare, janareta bai tashi ba, batiran UPS kuma ashe sun daɗe da mutuwa, ba wanda ya taɓa gwada su. Injin ya mutu a tsaye, yana tsakiyar aiki. Ita wannan na'ura tana da hanyar da UPS zai sanar da ita wuta ta tafi, ta jira ɗan lokaci, ta rufe kanta cikin natsuwa, amma igiyar da za ta kai saƙon na tarar da ita a naɗe a bayan akwatin, ba a taɓa jona ta ba. A gaban injin kuma wata fitila ruwan ɗorawa tana ci. Na tambaya tun yaushe, aka ce ai kullum haka take. Muka kunna. Saboda tsarin ma'aji ɗaya da na bayyana, in ta mutu ba shiri sai ta bi kayanta tana dubawa, tana sake gina hanyoyin rumbun bayanai kafin ta buɗe ƙofa. Lambobi suna ta sauyawa a ɗan ƙaramin allon gabanta, manaja yana shigowa yana fita, motoci sun yi layi har bakin titi. Sai bayan azahar ta tashi. Ko rasit ɗaya bai ɓata ba, domin wani bawan Allah ya kunna littafin da ke rubuta kowane canji tun shekaru da suka wuce. Da muka nemi kalmar sirrin babban asusun tsaro, wanda ake kira QSECOFR, babu mai ita a ginin. Sai da aka buga wa wannan bawan Allah waya. Ya yi ritaya, yana gonarsa, ya faɗo ta da ka.

Na'urar ta yi nata. Mutane ne suka bar ta ita kaɗai. Haka abin yake a fannin tsaro: an ji cewa ƙwayar cuta ba ta kama ta, sai a bar kalmar sirrin da ta zo da ita, a ba kowane ma'aikaci cikakken iko, a buɗe ma'ajin fayilolinta ga kwamfutocin ofis. Ranar da manhajar 'yan garkuwa da bayanai ta shiga kwamfutar akawu, za ta bi ta wannan ƙofa ta kulle fayilolin. IBM i 7.6 da ta fito a 2025 ta zo da tantancewa mai mataki biyu a jikinta, amma sai an kunna take aiki.

Wannan ya kawo ni gare ku, ɗalibai. Waɗanda suka iya wannan na'ura a duniya suna tsufa, suna barin aiki, kamfanonin da suka dogara da ita kuwa suna nan a Amurka da Turai da Japan da ƙasashen Larabawa da nan Afirka. Ku dubu nawa ne ke koyon gina shafin intanet a shekarar nan? Ku nawa ne za ku iya buɗe manhajar RPG ta shekara 25 ku faɗi abin da take yi, sannan ku jona ta da manhajar waya? Aikin nan ana yin sa daga nesa. Kuma koyonsa bai kai wuyar da ake zato ba, domin umarninta a tsare suke: aiki a gaba, abin da za a yi wa aikin a baya, yawanci da haruffa uku-uku. WRK yi aiki da abu, DSP nuna, CRT ƙirƙira, DLT goge. Ka buga WRKACTJOB ka ga duk ayyukan da ke gudana. In ka manta abin da umarni ke bukata, danna F4 ta tambaye ka da kanta. F3 ta fitar da kai.

Ba sai kun mallaki inji ba. Akwai wata saba a Jamus mai suna PUB400 da ke ba kowa asusu kyauta domin koyo. Manhajar da ke kwaikwayon allon 5250 ana samun ta kyauta, kuma VS Code da kuke amfani da ita tana da ƙarin da ake kira Code for IBM i. Ina roƙon shugaban sashe, in da hali, a ware ko da mako 2 a darasin manyan manhajoji a nuna wa ɗalibai wannan ƙira kusa da ta Unix, su ga cewa akwai wata hanyar gina kwamfuta ban da wadda suka saba. Ni kuma a shirye nake in dawo mu zauna a ɗakin gwaji mu buɗe asusun tare.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takardar lokaci.  Abin da na faɗa daidai Allah ya amfanar da mu, inda na yi kuskure a gyara mini. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu a kai masa makirufo, kuma zan so mu fara da 'yan'uwa na bankuna, waɗanda suka ga ƙaurar 2024 daga ciki.